Kayan wasan ƙanƙarar Turawa da na kwaso a gwanjo, wanda ya min rana da wanda ya ci min kuɗi

Wanda bai taɓa hawa moto ƙarfe huɗu da rabi na asuba a Ngaundere cikin Janairu ba, dan Allah kar ya ce min wai Kamaru ba sanyi. Mutanen Garwa da Marwa in ka musu maganar dariya suke, su da rana ta gama gasawa, amma mu nan bisa tudu muke, garin ya haura mita 1,000 daga teku, kuma in dabbunde ya kama kaman yadda maƙwabtanmu Fulani ke ce mai, iskar da ke dukan ƙirjinka a hanyar Dang sai ka rantse reza ce. Ni burodi nake kaiwa, daga bulanjeri zuwa shaguna har wajen jami'a, in na dawo in tsaya gar, wato tashar jirgin ƙasa, in jira jirgin Yawunde ko na samu fasinja. Akwai asubar da na duba wayata ta nuna digiri 11, toh ka ɗora gudun moto a kai ka lissafa.

Shi ne wata biyu da suka wuce na faɗa shagon wani dattijo mai gwanjo a kasuwa, bazan faɗi sunanshi ba tunda akwai inda zan ɗan taɓa shi. Ranar an fasa sabuwar dila, kuma dilar kaf ɗinta kayan masu wasan zamiya a kan ƙanƙara ne, wanda suke ce ma siki. Na ɗau buluzon, wato rigar sanyi, jaka tara, takalmi jaka shida, tabarau jaka biyu, safar hannu jaka ɗaya. Sai can ƙasan tulin na jawo wani abu dogo kaman ɗamara, tsawonshi ya kusa tsayina, faɗin tafin hannu, gefe ɗaya gashi ne gajere mai sheƙi ɗayan gefen kuma danƙo ne yana kama yatsa, ga wani ɗan ƙarfe a bakin.

Na ce Alhaji wannan fa na mene? Ya juya shi ya juya ya ce "ɗana ni ma haka na ganshi, inaga majanyin goyon Turawa ne, ba da dala ɗari ka tafi da shi." Na bayar, don dai kawai abun ya ban sha'awa.

Da daddare na kira ƙanena bidiyo, yana karatu a Grenoble ta Faransa, kuma ranakun hutu yana ɗan aiki a shagon da ake ba da hayar irin kayan nan. Ina ɗago abun ya kwashe da dariya har da riƙe ciki, ya ce Yaya majanyi?? Wannan ai fatar hawa ce. Wai akwai masu sikin da basa shiga injin da ke kai mutane saman dutse, da ƙafarsu suke hawa, to katakon sikin santsi ne da shi in ka taka gaba sai ka zame baya, shi ne suke manna wannan abun a ƙasan katakon. Ya ce shafa gashin. Na shafa ta nan, sumul. Na shafa ta can, ya turje ya miƙe yana sukan hannu. Duk wanda ya taɓa shafa bayan akuya daga kai zuwa wutsiya sannan ya dawo da hannun baya ya san abun da nake faɗa. Shikenan dabarar fa, gaba ya zame, baya ya cije. In sun kai sama sai su ɓare shi su ninke su sa a jaka su gangaro.

Asalinshi fatar wata dabbar teku ce da Faransawa ke kira fok, in baka santa ba ka ɗauko siffar ayun Binuwai ko na tafkin Lere can Cadi ka sa mai gashi, ka kai shi ruwan ƙanƙara. Gashinta gajere ne mai tauri duk ya kwanta ya nufi wutsiya. Yanzu an daina yi da fatarta, da gashin akuyar Angora ake saƙawa a haɗa da nailan, amma har yau Faransawa fatar fok suke ce ma abun. Kuma mafi yawan gashin akuyar nan daga Afirka ta Kudu yake fita, wato dai akuyar nahiyarmu ce ta je Turai ta hau dutse ta gaji aka dawo min da ita a dila. Ya ce a duwatsun Altai can tsakiyar Asiya kuma fatar ƙafar doki suke rufa wa katakonsu, dabarar ɗaya ce.

Tun daga ranar duk kayan da na ɗauka sai in tambaye shi wannan kuma wace dabba aka kwaikwaya, har ya fara gajiya da ni.

Bari in fara da buluzon don shi ne ya biya kuɗinshi har da riba. Wlh ranar da na fara sa shi na kai har Dang na dawo ban ji iskar nan a ƙirjina ba, abun da da sai na jera riga uku da suwaita da kwali a ciki, eh kwali, masu moto sun san zancen. Kuma ba nauyi, in ka dunƙule shi bai fi burodi biyu ba. A takardar wuya an rubuta 90/10 sai kuma 700. Wai 90 ɗin lallausan gashin ƙirjin agwagwa ne ko dinya, wanda ba shi da tsinke, 10 ɗin gashin tsuntsu na yau da kullum, 700 kuma gwargwadon yadda gashin ke kumbura ne, in lambar ta fi yawa ya fi riƙe iska. Don gashin kanshi ba wuta gare shi ba, iskar da ya tare a tsakaninshi ce jikinka ke ɗumamawa ta zauna nan ta kasa fita. Ku duba kajinku da safe cikin hunturu yadda suke kumbura gashi su zama ƙwallo a gindin bango, wannan abun ne aka ɗinke aka sa ma zif. Wanda ya fi kowanne tsada na wata agwagwar teku ce da ake samu a Aisland, ita da kanta take fige gashin ƙirjinta ta shimfiɗa wa ƙwanta a sheƙa, manoma su bi su tattara, sai an haɗa sheƙa wajen 60 kafin a samu kilo ɗaya. Nawa dai na tabbata ba shi bane, a jaka tara hhh.

Layi-layin ɗinkin da ke jikin irin rigunan nan ma ba ado bane. Wani Ba'amurke Eddie Bauer ne sanyi ya kusa kashe shi wajen kamun kifi da rigar ulu da ta jiƙe, ya dawo ya ɗinka rigar gashin tsuntsu ya raba ta gida-gida don kar gashin ya zube ya taru a ƙasa, ya yi mata rajista a 1940.

Yanzu ga inda na tafka wauta. Sati uku ina shiga jan ƙurar garin nan da shi, baƙar riga ta koma kalar tukunya. Wata Asabar na dawo na tarar uwargida ta jiƙa shi a baho da omo tun safe, ta cuɗa, ta buga a dutse, ta murɗe shi tamau kaman zanin gado ta shanya. Ta ce Malam ga rigarka nan na fitar maka da ita fes. Na ɗaga, kaman jiƙaƙƙen ɓera, gashin duk ya dunƙule ƙulu-ƙulu a kusurwoyi kaman an zuba goro a ciki, sauran wajen leda biyu ce kawai ba komai a tsakani. Ban iya cewa komai ba don laifina ne, ban faɗa mata ba, ni ma ɗin ban sani ba. Gashin agwagwa akwai ɗan maiƙo na halitta a jikinshi, shi ke sa shi tashi, omo ya cinye wannan, kuma in ya jiƙe ya manne ba sauran iska balle ɗumi. Ƙanena ya ce a can injin busarwa suke sa shi da ƙwallon tanis yana bubbuga shi. Na ce toh mu nan injin ɗinmu yara ne. Kwana uku ana shanya shi a inuwa, yarana biyu suna zaune suna warware ƙulallen da yatsa ta bayan yadin ina biyansu da alawa, ni kuma ina bugun shi da tafin hannu. Ya dawo, amma ba kaman da ba, kafaɗar hagu har yau iska na shiga.

Abun dariyar, da nake ba shi labari sai ya turo min wani bincike da ya fito a Janairun 2025, masana daga Norway da Ailan da wasu ƙasashe suka yi a kan farin beyar ɗin nan na yankin ƙanƙara. Dabban nan yana faɗawa ruwa ya fito cikin sanyin da tofin yawu ke daskarewa amma ƙanƙara bata kama gashinshi. Suka gano maiƙon da fatarshi ke fitarwa ne, da suka wanke gashin tas sai ƙanƙara ta manne mai kaman yadda take manne wa gashin mutum. Kuma da suka gwada, gashin da ba a wanke ba yana ture ƙanƙara daidai da irin fatar hawan nan tawa wadda aka shafa wa sinadarin fulo, wanda shi kuma guba ne baya ruɓewa a ƙasa, hukumar wasan siki ta duniya ta hana shafa shi a katako tun kakar 2023, har an kori wata 'yar Norway daga gasa a kai. To yanzu so ake a kwaikwayi man beyar a maye gurbinshi. Na karanta wa uwargida na ce kin gani, ko beyar aka ba ki sai kin lalata shi da omo. Ta ce ai kuwa da ya yi ƙamshi.

Shi beyar ɗin ashe gashinshi ba fari bane, garau yake kaman gilashi da rami a tsakiyar kowane sili, fatarshi kuma baƙa ce wuluk. Wasu a jami'ar Zhejiang ta Cana sun kwaikwayi silin nan a ƙarshen 2023 suka saƙa suwaita da kaurinta kashi ɗaya cikin biyar na irin buluzon ɗina amma ɗumin ɗaya, kuma tana wankuwa. Wannan nake jira ta tsufa a jikin wani ta iso dila.

Inda Alhaji bai kyauta min ba, akwai huda a ƙarƙashin hammata an liƙe ta da baƙin sol, a duhun shagon bazaka gani ba. Kwana biyu sol ɗin ya ɗago, ina tafe gashi na bina a baya kaman an fige kaza, har cikin shayina na tsinci ɗaya. Da na koma ya ce ɗana gwanjo ai sa'a ne. Na san sa'a ne, amma sol ɗin nan ba a Turai aka manna shi ba, na san sol ɗin kasuwarmu. Tela ya min faci dala hamsin.

Gashin da ke zagaye da hular buluzon ɗin na roba ne, na cire shi na ajiye. Su mutanen Inuwit da suka ƙirƙiro abun gashin wata dabba wulbarin suke sawa, don in numfashi ya daskare a kai kaɗewa ɗaya ya zube. Nan kuwa aikinshi ɗaya, tara ƙura ya zuba maka a baki.

Takalmin shi ne asarar. A ido ba a magana, dogo har ƙwauri, ciki da gashi, ƙasanshi roba mai taushi da ƙananan ƙuraje-ƙuraje tsakanin manyan haƙoran. Tafin ƙafar beyar haka yake da 'yan ƙuraje, wasu a jami'ar Akron ta Amurka sun auna a 2022 suka ga na farin beyar sun fi na sauran 'yan uwanshi tsayi, shi ke sa ya kama dusar ƙanƙara baya zamewa. Madalla. Sai dai ni a hanyar Dang ba ƙanƙara, kwalta ce da ramuka da jar ƙasa. Na farko, hancin takalmin ya yi kauri baya shiga ƙarƙashin giya, sai na riƙa ɗago ta da gefen ƙafa kaman ɗan koyo. Na biyu robar nan mai taushi an yi ta ne don kar ta ƙandare a sanyi, to kwalta da kik ɗin moto suka cinye dugadugin cikin wata ɗaya. Na uku kuma shi ne babba, sanyinmu ɗan safe ne. Ƙarfe goma rana ta fito ta take, buluzon kam sai in cire in cusa a buhu, takalmi fa? Ƙafa ta dahu a ciki tun kafin azahar. Ka zo alwala ka kwance igiya ta kai kamu uku, ka cire, wanda ke kusa da kai a bakin famfo ya juyo ya kalle ka ya matsa. Wani dattijo a masallacin gar bai ce min komai ba, tsaki kawai ya yi, ya isa.

Ƙanena ya ce barewar ƙanƙara, wadda mutanen Sami ke kiwo a arewacin Norway da Suwidin da Finlan, ita kofatonta canzawa yake da lokaci, in zafi ya zo tsokar tafin ta yi laushi ta faɗaɗa don taɓo, in sanyi ya zo ta tsuke gefen kofaton mai kaifi ya fito yana yankar ƙanƙara. Ka ji inda aka bar mu a baya, an kwaikwayi ƙafar sanyin an manta da ta zafin, takalmina tun asuba har la'asar a watan Janairun Turai yake zaune. Su Samin ma da fatar ƙafar barewar suke ɗinka takalmi, su haɗa tafin gida biyu gashin wannan na kallon gaba na wancan na kallon baya don kar su zame. Na ba maigadin bulanjerinmu takalmin, shi da ke kwana zaune a benci daga isha zuwa asuba, kullum sai ya sa min albarka. In aikinka na zaman dare ne saya, in na yawo ne ka bar musu kayansu.

Safar hannun bazan ɓata muku lokaci ba, irin mai haɗe yatsu huɗu waje ɗaya ce, ɗumi kam akwai don yatsun na ɗumama juna, amma ka kama birki da ita ka gani. Yara na wasan dambe da ita yanzu.

Tabarau ɗin na so shi sosai da farko. Ya rufe rabin fuska, soso a gefe ya manne ƙura bata samun ƙofa, gilashin kuma biyu ne da iska a tsakani shi ya sa numfashi baya sa shi hazo. Da rana in tirela ta wuce ta tada jar ƙura, kowa na murza ido ni ina wucewa abuna. Amma gilashin mai duhu ne, an yi shi ne don hasken da ke tashi daga dusar ƙanƙara wanda ke ƙona ido har mutum ya yi makantar kwana biyu, abun da Inuwit tun da can suke karewa da ƙashi ko itace da aka tsaga wa siririn layi. Ni kuma na sa shi da asuba. Wajen gangaren nan kafin a kai Dang saura kaɗan in shige cikin garken shanu, ban gansu ba sai da farin bijimi ya cika min fuska, na taka birki burodi ya watse a titi, ɗan Fulanin na ta min faɗa ina ba shi haƙuri ina tsintar burodi. Daga ranar sai rana ta fito nake sa shi. Ƙarshe wani direban Cadi cikin masu lodi a gar ya gani ya nace, ya ce hanyar da yake bi bayan Abeshe in iska ta taso ko hannunka baka gani, ya ban jaka uku da rabi. Da muna hira na nuna mai hoton wani faffaɗan abu kaman matankaɗi da suke ɗaurawa a ƙafa don kar su nutse a dusar ƙanƙara, irin yadda wani zomon Kanada ke da faffaɗan ƙafar baya, ya kalla ya ce wannan ai ƙafar raƙumi ce, me ye sabo a ciki.

Af, kun san Kamaru ta taɓa zuwa gasar Olimfik ta lokacin sanyi? 2002 a Salt Lake City, mutum ɗaya tak, Isaac Menyoli, siki ya yi. Ni ma sai a wannan binciken nawa na ji.

Shagon kanshi in na ba shi maki, shida cikin goma. Kayan masu kyau ne, farashi da sauƙi in ka iya ciniki, kuma Alhaji baya korar mutum ko ka yi awa kana tona. Amma ka je ranar da aka fasa dila da sassafe kafin 'yan sari su tsince, ka fito da rigar waje ka ɗaga ta a rana, inda haske ya ratsa to ba gashi a wajen. Ka matse ta a hannu ka saki, in ta tashi da kanta nan da nan lafiya, in ta zauna a yamutse an riga an wanke ta irin wankin gidanmu. Ka shinshina, mai warin rumar nan kar ka ɗauka. Ka kuma duba hammata.

Majanyin kuwa yana nan yana aiki. Buhun burodin da nake ɗaurawa a baya kullum in na hau tudu sai ya riƙa zamewa yana jan roba, sai na yanka abun gida biyu na manna a kan kariyar moto na ƙara da ƙusa. Ranar farko na juya shi ba daidai ba, buhun ya zame baya fiye da da, sai da na tsaya gaban wani mai shayi na ɓare na juya gashin ya kalli gaba, mai shayin na kallona yana tambaya wai laya ce. Yanzu in na tura buhun gaba ya tafi sumul, baya kuma ko motsi. Ƙanena ya ce bibbiyu ake sayar da su, ɗaya na kowace ƙafa, don haka ɗan uwanshi na nan cikin wata dila a garin nan ko Garwa. Wanda ya ci karo da shi, shuɗi ne da ɗan ƙarfe a baki, ya riƙe min, zan ba da dala ɗari biyu.